Abokar da Na Shanya a Rana

Abin ya faru ne shekara uku bayan rasuwar maigidana, shekarar da rairayi ya cinye rijiyar gabas ta kwarinmu na Gidigir har aka daina ganin bakinta. Ba a kawo wuta unguwarmu ba tukuna, autata tana goyon ɗanta na biyu. Ruwan damina ya sauka sau biyu, mutane sun yi shuka, ana jiran na uku.

Ni 'yar dabino ce. A gindinsa aka haife ni, da shi na fara talla a kan faifai, da shi kuma na samu wurin zama na kaina a kasuwar Gure, gefen masu kanwa. Ban yi lakwal ba, makarantar boko ke nan, takarda in an juya mini ita kai ƙasa ba zan sani ba. Amma in mota ta sauke kayan itace a garin nan, ko mangwaro ne ko lemo ko gwaba ko kankana, ni ake aikowa a kira. Matan da ke sari su kasa a tasha, da waɗanda ke ɗauka su kai Gamu da Alakos, ba sa kwance bakin zanensu sai na taɓa kaya. In danna da babban yatsa, in sunsuna, in ce wannan na yau ne, wannan sai jibi, wannan kuwa an tsinke shi da wuri, ba zai yi ba. Abin da na faɗa shi ke faruwa. Ba wanda ke biyana, ban kuma taɓa nema ba. Kiran da ake yi mini ya ishe ni.

Mijin autata direban kamyo ne a da, babbar motar ɗaukar kaya, hanyar arewa yake bi. In ya tafi sai a yi wata biyu, wata uku, ba labarinsa. Yarinyar nan ta riƙa ramewa ke nan, in ya dawo ta yi ƙiba, in ya koma ta sake zubewa. Akwai tafiyar da motarsu ta mutu a tsakiyar rairayi, ruwansu ya ƙare, sai da Allah ya jefo wasu matafiya suka tsince su. Da ya dawo leɓensa a tsattsage, ya yi wa matarsa alkawari ya bar hanyar. Ya koma ɗauko kaya daga kudu, doya da manja da abarba, tafiyar mako guda ya dawo gida. Sai dai kasuwar ba ta tsaya da ƙafarta ba. Mai motar da ya bari kuwa ya ce masa wurinsa na nan, zai jira shi har ƙarshen damina. Wannan karon ya tattara duk abin da yake da shi ya zuba a kaya ɗaya. Auta ta gaya mini a fili: in kayan nan suka tafi, ya zauna, in suka zube, arewa zai koma.

Yaro ne mai kunya ƙwarai. Shekara takwas da aurensu, bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba. Tun daga zaure yake cire takalmi, ya durƙusa nesa ya gaishe ni. Ni ma ban taɓa faɗin sunansa ba, Malam nake ce masa, ban kuma taɓa kai ko ruwa bakina yana wurin ba. Haka muka taras ana yi tsakanin mace da mijin 'yarta. In na faɗi magana, ko ya san ba haka take ba, iyakarsa ya ce, “To, Inna.”

Ranar kasuwa da hantsi motarsa ta iso. Aka sauke kwalaye aka jera a inuwar itacen bedi, wato dogon yaro, ya shimfiɗa tabarma ya zuba kaɗan. Wasu abubuwa ne koraye, masu siffar ƙaramin zunguru, fatarsu da kaushi. Ya ce sunansu aboka, mutanen Najeriya kuma na ce musu fiya. Malaman lakwal da matan jandarmomi da suka zauna a Yamai sun san ta, su suka dame shi ya kawo. Amma su nawa ne? Sun ɗauki bibbiyu da uku-uku sun tafi. Sauran kwalayen sai in matan sari sun ɗauka, matan sari kuwa suka tsaya suka zagaye tabarma, suka aiko a kira ni.

Na tafi tare da maƙwabciyata mai kanwa, wata Bamangiya mai baki, wadda muka shekara ashirin muna zama kafaɗa da kafaɗa muna tsokanar juna. Na ɗauki guda na danna. Kamar na danna dutsen niƙa. Na sunsuna, ba ƙamshi ko kaɗan. Na ƙwanƙwasa da zobena, na girgiza a kunne, na ɗauki ta biyu da ta uku. Duk haka. Na ajiye na goge hannu, na ce ɗanya ce.

Shi kuwa ba zai iya yi mini gardama ba. Sai ya ciro wata takarda daga aljihu, mai hatimi shuɗi, ya juya wajen mai kanwa yana yi mata bayani, don dai in ji. Ya ce akwai dokar gwamnati a kan wannan ɗan itace, ba a barin a yi lodinsa ko a ƙetare iyaka da shi sai wanda ya ƙosa a kan uwarsa. Ya ce da idonsa ya ga ma'aikatan gona sun zaɓi 'yan ƙwayoyi daga kayansa, sun yanka, sun auna naman a ma'auni, sun busar da shi, sun sake aunawa, don su ga ko mai ya taru a ciki ko ruwa ne zalla. Nasa ya wuce, suka buga hatimi. Na wani mutum da ke bayansa bai wuce ba, suka hana a ɗora. A duwan ma, wurin 'yan kwastan, sai da aka duba takardar. Ya ce da tauri ake ɗauko ta da gangan, don ta jure hanya, nan da 'yan kwanaki za ta yi laushi.

Mai kanwa ta juyo ta dube ni tana murmushi, ta ce wai ga takarda ta zo ta karɓe mini aiki. Matan suka yi dariya. Dariyar nan ce ta hau mini kai.

Na ce, “Gwamnati ba ta taɓa hawa itace ba. Ni na hau. Abin da aka tsinka da wannan tauri, ruɓewa zai yi, ba nuna ba. Wadda ta ɗauka, kada ta zo mini da kuka.”

Ya ninke takardarsa ya mayar aljihu. Ya ce, “To, Inna.”

Matan suka watse ɗaya bayan ɗaya. Da la'asar aka ɗora kwalayen a amalanke aka kai gidansa.

Kada a ce mugunta ce. Ina son yaron nan kamar ni na haife shi, abin da yatsana ya gaya mini shi na faɗa. Da yamma ya aiko mini da faifai cike da ita, don duk kayan da ya kawo sai an fara kai mini nawa. Na zauna ina kallonta, tausayinsa ya kama ni, na ce bari in gwada ko zan cece ta. A kwarinmu in hadari ya taso dabino bai gama nuna ba, yanke nonon dabinon muke yi mu shanya a tabarma, rana ta ƙarasa aikin. Washegari da safe na shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda rana ta fi zafi, na jera su, ina juya su kamar yadda nake juya dabino.

Da hantsi ya shigo gaisuwa. Ya durƙusa, ya ga tabarmar. Na ga ya daɗe yana kallonta. Daga baya ya ce, “Sannu da aiki, Inna.” Ya tashi ya fita. Auta ta ba ni labari daga baya, wai ya je ya zauna a zaurensu ya riƙe kai, ya ce da ita ta zo maza ta gaya mini rana kashe ta take yi, inuwa take so. Ta zo kuwa ta faɗa. Na tambaye ta tun yaushe ta fara koya mini shanya. Na ce ina shanya tun uwar mijinta ba ta yi haƙori ba. Ta juya ta koma gida.

Kwana uku suna rana. Gefen da ke sama ya yi baƙi ya lotsa, na ƙasa yana nan da taurinsa. Na yanka guda, ciki ya yi ruwan ƙasa da zare-zare, na taɓa a harshe na tofar, ɗaci kamar maɗaci. Abin da na yi bayan wannan shi ya fi ba ni kunya har yau. Na ɗauki biyu a gefen mayafi na tafi tasha, na nuna wa matan sari, na ce ga abin da na cece ku daga gare shi. Suka yi ta godiya suna sa mini albarka. Na dawo gida ina jin daɗin kaina.

Rana ta biyar auta ta shigo da azahar, goyo a baya, kwano rufe a hannu. Ba ta roƙe ni komai ba. Ta dai ce mijinta ya je wurin mai motar arewa da safe, kuma ya fito da salkarsa ta ruwa ya jiƙa ta don ta kumbura. Ta ajiye kwanon a gabana ta shiga ɗaki tana shayar da yaro.

Na buɗe. Aboka ce guda, an raba ta biyu, ga ƙwallo babba a tsakiya kamar ƙwan zabo. Naman rawaya ne, bakin-bakinsa kore. Na sa yatsa, ya nutse kamar a man shanu. Na duba hagu da dama, ba kowa, na lasa. Ba zaƙi, ba tsami, sai wani maiƙo mai taushi da ke narkewa a baki, kamar gwaiduwar ƙwai da aka kwaɓa da mai. Na cinye rabin, na cinye ɗaya rabin, na kankare ɓawon da ɗan yatsa.

Na kira ta na tambaye ta inda ta samo. Ta ce a cikin kwalayen nan dai, waɗanda na ce ruɓewa za su yi. Suna ɗakin baya mai duhu, an rufa musu buhu, ba abin da aka yi musu.

Na tabbatar ba ya gida, na yafa mayafi na bi ta. Na zauna a ƙasan ɗakin nan tun azahar har aka kira la'asar, ina ɗauka ina dannawa, kwali bayan kwali. A nan yatsana ya koyi abin da bai sani ba. Ba a ciki take fara laushi ba, a wuya ne, kusa da inda aka tsinke ta. In ka ture ɗan karan da ke kanta ya fita ba gardama, ƙarƙashinsa kore, ta yi. In ƙarƙashin ya yi baƙi, ta wuce. Wasu sun nuna, wasu saura kwana ɗaya ko biyu, 'yan kaɗan har sun lalace. Sai na gane ni da takardar nan ba magana ɗaya muke yi ba. Ni nuna nake nema, ita kuwa ƙosawa ta shaida. Dabino a kan uwarsa yake nuna, ita wannan sai an raba ta da uwarta take farawa. Kuma na ga abin da ya tayar mini da hankali: duk tare za su nuna. Jibi kasuwa. In ba su tafi jibi ba, kafin wata kasuwar sai dai a haƙa rami.

Na je wurin mai kanwa na gaya mata, don ba ni da wanda zan gaya wa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ashe uwar dabino ma tana tuntuɓe. Da ta gama sai ta ba ni shawara. Ta ce in ce wata mota ce ta zo da sabbin kaya, waɗancan na farko an zubar. Ko kuma in bar auta ta bi gida-gida da kwano tana ba su ɗanɗano, ni in yi kwanciyata in ce ƙafa ke ciwo. Ba zan ɓoye ba, shawarar ta yi mini daɗi, na kwana biyu ina juya ta. Amma garin nan ƙarami ne, kowa ya san motar da ta shigo da wadda ba ta shigo ba. Kuma matan nan sun ga baƙaƙen da na kai musu tasha. Bakina ne ya rufe kayan, ba bakin da zai buɗe su sai shi. Faɗa kawai ma ba za ta isa ba. Za su ce na lallashi kaina ne saboda suruki. Sai sun ga na ci.

A nan kuwa wuyar take. Tsohuwa mai jikoki ba ta tauna abu a tsakiyar kasuwa, balle a gaban mijin 'yarta.

Ranar kasuwa na ɗaura zanena na salla, na sa kwalli. Na aika wa auta ta ce masa ya fito da kayan duka, kada ya bar ko kwali ɗaya. Ya fito da su, bai tambayi dalili ba. Na bar dabinona a hannun mai kanwa, ta ce ba ta yarda ba, ta rufe nata da nawa da tabarma ta biyo ni, wai wannan kallon ba na bari ba ne. Na bi ta tasha na tattaro matan. Muka isa gindin bedi, na zauna a bakin tabarmarsa, abin da ban taɓa yi ba. Ya zabura ya ja da baya.

Na ce, “Ku matso. Wancan makon na ce muku kayan nan ruɓewa za su yi. Ban san su ba, na yi magana. Waɗanda na kai muku tasha ni na kashe su da hannuna, na shanya su a rana kamar dabino. Malam ya san gaskiya tun ranar, kunya ta hana shi ƙaryata ni.”

Na zaɓi guda, na ari wuƙa wurin mai kanwa na raba. Shi kuwa da ya ga inda na nufa, sai ya juya baya. Ya tafi wajen amalanke ya kama igiyar jaki yana kwancewa yana ɗaurewa, igiyar da ba abin da ya same ta. Har na gama bai waiwayo ba.

Na ci a gabansu, loma uku. Mai kanwa ta ce in ci a hankali kada in shaƙe su rasa mai duba musu mangwaro. Wata ta karɓa ta lasa, ta yamutsa fuska ta ce salam take, ba zaƙi. Na laluba gefen zanena, kullum ba na rasa dabino, na ɓare ɗaya na cire ƙwallon na dangwali abokar da shi na miƙa mata. Ta tauna, ta miƙo hannu a ƙara. Daga nan sai hannuwa. Wasu makiyaya da suka kawo awaki suka tsaya kallo, aka ba su da ɗan gishiri, babbansu ya ce wannan ai man shanu ne Allah ya sa a itace, a zuba masa a jaka.

Na kasa kayan kashi uku a kan tabarma, na yau, na gobe, na jibi. Na yau na ba matan tasha, na jibi na ba masu tafiya ƙauye. Kowace na kama yatsanta na ɗora a wuyan abokar na nuna mata inda ake dannawa, na kuma ja mata kunne kada ta bar ta a rana. Waɗanda suka wuce na ware da kaina aka zubar, sun kai kwali biyu, kuma na san da na yi shiru tun farko da ba su kai haka ba. Kafin la'asar tabarma ta koma wayam. Ina tashi ƙafata ta riƙe, don na daɗe a zaune. Ya matso kamar zai kama ni, ya tuna, ya tsaya. Auta ce ta ɗaga ni.

Bai koma arewa ba. Da damina ta ƙare mai motar ya ɗauki wani direba. Ni da shi ba mu taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Matan sari kuwa ba su daina kirana ba, sai dai sun samu abin tsokana. In na ce mangwaro ɗanye ne, sai wata ta ce ko a kai mini gida in shanya.

Shekarar da ta biyo wani baƙo ya zo da tasa abokar, ƙanana masu sheƙi, da araha. Aka kira ni. Na danna, tauri ɗaya da waccan, yatsa ba ya raba wadda ta ƙosa da wadda ba ta ƙosa ba tun tana da tauri. Na tambaye shi ina takardarsa mai hatimi. Ya yi ta kame-kame. Na ce da matan ni ban ce ba za ta yi ba, ban kuma ce za ta yi ba, a ajiye biyar a inuwa a gani. Aka ajiye. Mako guda suka yamushe kamar fatar tsohuwa, ba su yi laushi ba.

Yawancin waɗanda suka tsaya a gindin bedin nan ranar sun riga mu gidan gaskiya. Mai kanwa ta rasu shekara huɗu ke nan, Allah ya jiƙanta, har ciwon ajalinta in na je dubiya sai ta yi mini dariyar nan. Matan tasha na lokacin duk sun tafi, 'ya'yansu ne a wurin yanzu. Saura ni, da auta, da Malam da gemunsa ya yi fari, sai wata mace ɗaya a Gamu wadda idonta ya mutu, tana aiko mini da gaisuwa duk ranar kasuwa.